Auta da Takunkumin Babur

Tun da Yaya ya tafi aiki wani gari mai nisa, gidan ya yi wa Auta girma. Umma ma'aikaciyar jinya ce, sai yamma lis take dawowa. In Auta ya taso daga makaranta, shi kaɗai yake cin abinci, shi kaɗai yake wanke kwanonsa. Kewa ta dame shi ƙwarai.

Abokin hirarsa ɗaya ne tak: tsohon babur ɗin tsere na Yaya, ja, wanda aka lulluɓe da tamfol a bayan ɗaki.

Ran da Yaya zai tafi, ya damƙa masa makulli ya ce, "Duk Asabar ka tayar da shi ya ɗan yi zafi, kada batir ya mutu. Amma ban da hawa! In na zo hutu, zan goya ka mu je bakin tafki."

Auta bai taɓa fashi ba. Yakan goge ƙura, ya tayar da injin, ya zauna kusa yana ba babur labarin makaranta. Babur dai ba ya amsawa, amma kuma ba ya tashi ya bar shi.

Wata Asabar, ƙarar injin ta jawo yaran layi. Waɗannan yaran ba su taɓa kiransa ƙwallo ba. Babbansu ana ce masa Rediyo, don bakinsa ba ya hutawa.

Rediyo ya zagaye babur ɗin, ya taɓe baki. "Wannan ai ɗaurarre ne. Kamfani ya sa masa takunkumi don kada ya wuce wani gudu. Akwai wata waya a bayan maleji, agogon nan mai nuna gudu. Ka yanke ta kawai, ka ga tashi!"

"Yaya ya ce kada in taɓa komai," in ji Auta.

"To, zauna da jakinka. Ku zo mu tafi."

Auta ya ga sun juya baya. Sai ya tuna shirun da ke jiransa a cikin gida.

"Ku tsaya!"

Ya ɗauko filaya. Wayoyin suna da yawa. Rediyo ya nuna ɗaya da yatsa, kamar shi ya ƙera babur ɗin. Ƙyat! Auta ya datse ta.

Suka murɗa totur, suka yi ta shewa. Can sai wani ya buga ƙwallo a waje, duk suka ruga. Ko mutum ɗaya bai ce masa "zo mu je" ba. Auta ya mayar da tamfol a hankali. Tun daga ranar bai sake yi wa babur hira ba, don kunyarsa yake ji.

Da hutu ya zo, Yaya ya dawo. Washegari da safe ya yaye tamfol, ya shafa tankin mai.

"Kai, Auta, ka riƙe amana! Ji yadda yake ƙyalli. Bari in gwada shi a babban titi, sai in dawo in ɗauke ka."

Auta ya dubi bayan maleji. In ya yi magana, tafiyar tafki ta rushe. In ya yi shiru, Yaya zai hau titi da babur ɗin da aka taɓa. Yaya ya sa hular kwano, ya ɗaga ƙafa zai hau.

Auta ya riƙe bayan babur da hannu biyu. "Yaya, kada ka hau! Na yanke wata waya. An ce ta takunkumin gudu ce."

Yaya ya cire hular. Ya juyo ya tambaye shi:

"Gudu kake so?"

"A'a." Hawaye suka zubo masa. "So nake yaran layi su zauna tare da ni."

Yaya bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Kama nan. Tura."

Haka suka yi ta turawa cikin rana har garejin wani dattijon makaniki. Dattijon ya leƙa bayan maleji, ya girgiza kai.

"Wane gwanin ne ya yi wannan aikin? Ai maleji kuka kashe. Mutum zai yi ta zabga gudu, allura tana kwance, bai san inda ya kai ba." Ya ƙwanƙwasa taya. "Yaro, ko da kun cire takunkumin, dubi tayar nan, dubi birkin nan. Sun tsufa kamar ni. Wanda ya sa takunkumi ya san iya abin da za su ɗauka."

Ranar ba a je tafki ba. Auta ya wuni yana miƙa sifana, hannunsa duk baƙin mai. Da Umma ta ji labari ta yi masa faɗa sosai, sannan ta jawo shi jikinta.

"Ka yi kuskure," in ji ta, "amma da ka yi shiru da ya fi muni. Kuma in kewa ta dame ka, mu za ka gaya wa."

Kafin hutu ya ƙare, gyara ya kammala. Yaya ya goya Auta, kowa da hularsa, suka nufi tafki a hankali. Auta ya leƙa ta kafaɗar Yaya, ya ga allurar maleji tana motsi.

"In ƙara gudu?" Yaya ya tsokane shi.

"A'a! Kada mu yi saurin isa."

Daga ranar Auta ya gane cewa abin da aka sa don kare rai ba a cire shi don a burge wani. Ya ƙara ƙanƙame Yaya, yana ba shi duk labaran da ya tara, Yaya kuwa yana amsawa.