Wasan da Fergus Ya Ƙi Ci

"Mai wasa da 'yar tsana zan ba 'yata?" Baba Manolis ya daki teburin kicin har cokula suka yi tsalle. "Ƙato da gemunsa, yana zaune yana yi wa sojojin roba fenti!"

"Haba Baba, sana'a ce fa!" in ji Kalliope, 'yarsa tilo. "Fergus ya kama tsohon shagon wankin nan na bakin titi, zai mai da shi wurin wasannin allo. Mutum ya shiga ya sha kofi ko giya, ya zaɓi wasa a kanta, ya zauna da maƙwabta."

Tun yana firamare Fergus yake tara wasannin allo da na kati, har suka kore shi daga ɗakin kwanansa. Kalliope na sonsa kamar ranta, amma ta rantse ba za ta shiga coci da farar riga ba sai mahaifinta na riƙe da hannunta.

Mahaifiyarta, Mama Yiota, ce ta kawo dabara: a gayyato yaron cin abincin Lahadi. Bayan an gama da gasasshen rago, Baba ya sauko da allon tabli daga saman kabad, wasan da tsofaffin Girkawan birnin Melbourne ke bugawa da ihu da gori, wanda ya riga kwashe 'ya'yansa daga allon shi ya ci. Rabonsa da shi tun da aka rufe gidan shan kofin unguwarsu.

Fergus gwani ne, nan da nan ya hango ci. Sai ya dubi furfurar tsohon, tausayi ya kama shi, da gangan ya ɗaga ɗan da bai kamata ba. Baba ya kalli allon, ya kalli Fergus, ya rufe allon garam!

"Jariri ka mai da ni? Wanda zai yaudare ni a kan allo, me zai hana shi yaudarar 'yata? Ga ƙofa nan!"

A mota Kalliope ta sha kuka har ta gode Allah.

"Wallahi girmama shi na yi, Kalliope," in ji Fergus.

"Girmamawa? A wurinmu in ka bar wa babba ci, ce masa ka yi ya gama amfani!"

Fergus bai je roƙo ba, bai kuma ce ta bijire ba. Da ya buɗe shagon, sai ya ware tebur guda a bakin taga, ya ɗora allon tabli. Ɗalibai suka cika wurin da dodanninsu na roba, iyaye mata da 'yan yaransu. Sannu a hankali tsofaffin Girkawa suka gano teburin tagar, suka tare a kai kamar gadon gidansu. Hunturu ya zo ya wuce, Baba ko leƙe.

Mama Yiota kuwa ba ta raga masa ba. "Duk abokanka suna can. Kai zauna ka yi ta gadin talabijin."

Wata Asabar da rana sai ga Baba a shagon, wai ya zo wucewa ne. Ya kori wanda ke kan kujera, ya nuna Fergus da yatsa.

"Kai, mai 'yar tsana — zauna!"

Kalliope na bayan kanta, riƙe da kofi, tana kallonsu. Fergus ya zauna, ya nannaɗe hannun riga. Wannan karon babu sani babu sabo. Yana buga 'ya'yan da ƙarfi tas-tas, ya toshe kowace hanya, ya kwashe nasa kaf Baba bai fitar da ko ɗaya ba. Sannan ya jingina.

"Baba, ko in aro maka tabarau?"

Fuskar Baba ta yi jajir, gashin bakinsa ya fara motsi — sai dariya ta ƙwace masa, har da hawaye.

"Kun ji mara kunya! Jera, sake jerawa, surukin banza kawai!"

"Baba! Me ka kira shi?" Kalliope ta saki kofin ta rugo.

"Kin ji ai. Matsa, kina tare min haske."

A shagon aka yi walimar bikin, aka ture tebura gefe aka yi ta rawa, ban da na bakin taga, don Baba ya hana a taɓa shi. Haƙurin Fergus da Kalliope ya biya su. Ku kuma samari ku riƙe wannan: girmama babba ba lallashinsa da ƙarya ba ne, ku ba shi gaskiya ko da za ta cinye shi.