Mai Tsaron Ɗakin Ƙorai

A wani gari na taɓa yada zango. Sunansa ya kwanta mini, yara, ku yi wa tsufa uzuri. A can, idan gwanin zanen ƙwarya ya rasu, akan rataye ƙwaryarsa guda a wani ɗaki, domin 'yan baya su gani su koya. Aka ba wani mutum tsaron ɗakin.

Ran nan rufin gidansa ya yi yoyo, ya ciro ƙwarya ya tara. Ya ce, "Guda ce, ai da saura." Kajinsa suka rasa mazubin ruwa, ya ciro wata. Ya ce, "Guda ce, ai da saura."

Bayan shekaru, sai ga wata tsohuwa makauniya, jikarta tana yi mata jagora. Ta ce, "Malam, a ba ni ƙwaryar mahaifina, mai zanen ƙadangare, in nuna wa yarinyar nan hannun kakanta."

Ya duba ɗaki, babu. Can a bakin akurki ya same ta. Ya wanke, ya miƙa mata. Ruwa da bakin kaji sun cinye zanen ƙaf.

Ta shafa, ta sake shafawa. Ta ce, "Kayya, yatsuna sun tsufa, ba na jin komai. Malam, kai da Allah ya bar wa ido, faɗa mata abin da kake gani."

Ya sunkuyar da kai. Yarinya tana ta jira.