Ƙuri'ar Tsohuwar Makabarta

Ranar da aka rantsar da ita a majalisa ta fara ganinsa, durƙushe a ƙarƙashin teburinta yana jan waya. Shi ke kula da na'urorin sauti na zauren.

"Ranki ya daɗe, makirufon nan yana da halinsa," in ji shi. "Tun rasuwar wanda kika gaji kujerarsa yake kunna kansa."

Ta yi dariya, shi bai yi ba. Amma idonsa ya daɗe a kanta, ita ma ba ta kau da nata ba.

Ba a jima ba ta koma kiransa Injiniyana. Ana tsaka da zama sai saƙonsa ya shigo: "Honarabul ɗina, ina hango ki ta gilashi kina hamma. Kin karya kuwa?"

Mahaifinta jigo ne a jam'iyya, ya ce bai san zancen aurensu ba. Shi bulaliyar majalisa yake yi mata sha'awa.

Ana haka aka kawo ƙudurin tashin tsohuwar makabarta don a fitar da titi, jam'iyya ta ce kowa ya goyi baya. Daga ranar, duk sanda aka karanto ƙudurin sai jar fitilar makirufonta ta kama, a ji numfashi a lasifika, mai nauyi, irin na tsohon da ya hau bene.

Bulaliya ya tare ta a baranda. "Saurayinki ne ke wasa da hankalinki. Mahaifiyarsa tana kwance a can. Bai gaya miki ba?"

Bai gaya mata ba. Ta daina ɗaga wayarsa.

Ya rubuto: "Na yi shiru ne don kada ki kaɗa ƙuri'a saboda ni, masoyiya. Ki leƙa ƙarƙashin teburinki."

Da aka fita sallar azahar ta sunkuya ta leƙa. Wayar makirufon a yanke take, bakinta har ya yi tsatsa. A saman kanta fitilar tana ci.

Da yamma ta je makabartar da ƙafarta. Ta tarar da mutanen mazaɓarta suna gyaran kaburbura. Babu wanda ya roƙe ta komai, kallonta kawai suke yi.

Ranar ƙuri'a aka riƙa kiran suna ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kanta ta miƙe.

"Ban amince ba."

Numfashin ya ɗauke. Wasu da ke bayanta suka bi sahunta, ƙudurin ya faɗi da ƙyar. Kafin la'asar jam'iyya ta dakatar da ita.

Ta shiga falon mahaifinta tana jiran faɗa. Sai ya nuna mata wurin zama.

"Tun da aka fara maganar makabartar nan kakarki da ke kwance a can ke zuwar mini a mafarki," ya ce, "da ƙunshin kayanta a ka, kamar mai jiran mota. Ɗazu na ɗan kishingiɗa, na ga ta sauke kayan." Ya share ido. "Ki ce wa yaron nan ya turo magabatansa."

Ranar ɗaurin aure manyan jam'iyya ba su zo ba, amma layin ya cika har bakin titi. Da za a tafi da amarya, mahaifinta ya haɗa hannunta da na angon.

"Allah ya yi muku albarka," ya ce. "Ya ba ku zaman lafiya da masu rai, da waɗanda suka riga mu."