Takalmin da Vimbai Ta Saƙa

"Na waye wannan?"

Vimbai ta dubi abin da mahaifiyar Tonderai ta dangwarar a kan tebur. Takalmin jariri ne, ƙafa ɗaya, na ulu ruwan ƙwai, duddugensa a karkace. Kwana uku ke nan tana zazzage jakarta tana nemansa.

"Ni na saƙa, Mama."

"Kun ji ko!" Shamiso ta tafa hannu daga kan kujera. 'Yar ƙawar Mama ce, kuma kaf unguwar Sakubva an san tun suna makaranta idonta yake kan Tonderai. "Ajin saƙa na coci muke zuwa tare. Kowa tana koyon mayafin tebur, ita ta ce sai takalmin jariri. Kuma da idona na gan ta ta fito daga ɗakin awo, tana ɓoye kati a riga!"

"A asibitin nake aiki, Shamiso."

"Aikin ne ya ce ki ɓoye kati?"

Vimbai ba ta kula ta ba. Tonderai take kallo. Jiya jiya ya dawo daga Beira, inda ya shafe wata shida yana jan babbar mota, ga shi saura mako bakwai danginsa su je gidansu neman aurenta. Yana jingine da ƙofa, ya harɗe hannu, ya ƙi haɗa ido da ita.

"Wata shida ɗana ba ya ƙasar nan," in ji Mama. "Idan ba ciki gare ki ba, faɗi sunan mai jaririn. Suna kawai."

Sunan yana bakin Vimbai.

Ruvarashe ce, yayar Tonderai, 'yar matar nan da ke tsaye tana huci. Sau uku tana ɓari. Duk lokacin da aka ce tana da ciki, Mama ta cika gari da murna, a sayo kaya, a yi addu'ar godiya a coci, sannan a dawo a yi kuka. Wannan karon ta kai wata shida. Jininta ya hau, likita ya kwantar da ita a gida, ya ce ko ƙarar faɗuwar kwano ba ya son ta razana ta. Ta sa aka ce wa kowa ta tafi ƙauyen mijinta. Ranar da Vimbai ta karɓo mata katin awo, Ruva ta riƙe hannunta ta ce, "Ki rantse mini ba wanda zai ji sai na ga yaron nan yana numfashi. Ko Mama. Ko Tonde."

Ko tsumma Ruva ta ƙi saya, don tsoro. Shi ya sa Vimbai, wadda ba ta taɓa riƙe kwarashi ba, ta sayi ulu dunƙule biyu ta shiga aji. Ta ga ya kamata a samu mutum ɗaya a duniya da ke shirin zuwan yaron.

"Ba zan iya faɗa ba, Mama."

"Vimbi..." Sai yanzu Tonderai ya yi magana, muryarsa a dushe. "Ni ma ba za ki faɗa mini ba?"

"Kai ma tambaya kake yi?"

"Ki sa kanki a matsayina mana!"

"Shekara huɗu, Tonde. Shekara huɗu muna tare, yau takalmi ƙafa ɗaya ya isa?"

Ya kau da kai.

Wannan ya fi duk zagin Mama ciwo. Ta zare zoben da ya ba ta, ta ajiye a kan tebur, ta durƙusa ta yi wa Mama sallama kamar yadda ta saba, ta fita. Sai da ta shiga bas hawayen suka zubo.

Kwana tara ba ta ɗaga wayarsa ba. A kasuwa mata suna bin cikinta da kallo. Gwaggonta ta zo har ɗaki tana salati, ita ma amsa ɗaya ta samu. Sau biyu Vimbai ta ɗauki waya za ta kira Ruva ta ce ta sake ta daga rantsuwar nan, sai ta tuna abin da ma'aunin jini ya nuna ranar Litinin, ta ajiye. Ta ɗauki kwarashi ta sake ɗaura wata ƙafar. Zaren ya ƙi zama a yatsanta, ta ƙirga sarƙa tara ta samu goma sha ɗaya, ta warware ta sake, ta kuma warwarewa.

Ranar Asabar da hantsi tana gidan Ruva a unguwar Dangamvura, ta gama auna jininta ke nan, aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Ta buɗe.

Tonderai ne, da ƙunshin busasshen kifi da ya kawo wa mijin yayarsa.

"Me kike yi a nan?"

"Wane ne, Vimbai?" Muryar Ruva ta fito daga ɗaki.

Kifin ya kusa suɓucewa daga hannunsa. "Yaya? Ba tana ƙauye ba?"

Vimbai ta damƙi rigarsa, ta yi ƙasa da murya. "Saurara da kyau. Za ka shiga, za ka yi murmushi. Idan ka bari ta ji kalma ɗaya daga abin da ya faru a gidanku, jininta ya hau, wani abu ya samu cikin nan, ba zan taɓa yafe maka ba."

"Ciki...?"

"Shiga."

Ya tsaya a bakin gado kamar an dasa shi, idonsa a kan tudun da ke ƙarƙashin bargo. Ruva ta rufe fuska tana dariya da kuka lokaci ɗaya.

"Asirina ya tonu! Kada ka gaya wa Mama, Tonde, don Allah. Matar nan taka kaɗai ta sani, ita ke ɗawainiya da ni. Har saƙa take koya saboda shi. Vimbai, nuna masa! Ƙafa ɗaya ta ɓata mata, ɗayar kuma sai ka ce ta ɗan agwagwa."

Vimbai ta yi dariyar dole.

"Yaushe za a je gidansu? Ni dai a jira ni na sauka!"

"Za a jira ki, Yaya," ya ce, da ƙyar.

Suna fita tsakar gida ya zube a gabanta, a kan jar ƙasa, bai damu da maƙwabciyar da ke shanya ba.

"Masoyiyata, na cuce ki. Ki ce duk abin da kike so."

"Tashi, mutane na kallo."

"Yanzu zan je na faɗa wa Mama, ta san irin..."

"Ba za ka faɗa ba!" Ta share ido da bayan hannu. "Yau ka yarda da ni don ka gani da idonka. Wannan ba wuya. Ka koma gida ka rufe bakinka kamar yadda na rufe nawa, ka ji yadda ake ji."

Haka kuwa aka yi. Ya koma ya ce wa mahaifiyarsa Vimbai zai aura, ba kuma zai yi bayani ba. Mama ta yi kuka, ta kira kawunansa, ta daina zuba masa tuwo. Shamiso ta yi ta zarya da miyar kaza, har ranar da ya tare ta a ƙofa ya tambaye ta yadda aka yi hannunta ya shiga jakar da ba tata ba. Daga ranar ba ta sake tako gidan ba. Kullum da yamma yana tsaye a ƙofar asibiti, a gaban kowa, yana jiran Vimbai ta tashi aiki. Sati biyu tana wuce shi. A na uku ta miƙa masa jakarta ya riƙe.

Mako goma bayan haka aka yi wa Ruva aiki, aka ciro mace, ƙarama amma da ƙarfin kuka.

Mama ta iso asibiti ɗankwali a hannu. Ta daɗe a wurin 'yarta. Da ta fito, ta tarar da Vimbai a baranda cikin kayan aiki, Tonderai a gefenta. Tsohuwar ta tsaya a gabanta. Sai kawai ta fara durƙusawa.

Vimbai ta yi tsalle ta tare ta. "Haba Mama! Ni 'yarki ce!"

"Na zubar miki da mutunci a gari, ke kuma kina can kina raya mini jika..."

"Ya wuce, Mama."

"Bai wuce ba. A gaban mutane na faɗa, a gaban mutane zan janye. Ranar Lahadi zan miƙe a coci." Ta juya ga ɗanta, ta fyace hanci da bakin zani. "Kai kuma me kake tsaye kana washe baki? Kira kawunanka. Asabar mai zuwa za mu gidan su yarinyar nan, kafin ta farga ta ce ta fasa!"