Hoton da Ya Maƙale a Goshi

"Wace ce wannan, Reuben?!"

Ƙauna ta kafe allon kwamfutarta da ido, waya a kunne. Daga ɗakinsu na Samaru take shiga babbar kwamfutar shagon saurayinta Reuben da ke Sabon Gari ta intanet, don a can take zanen ginin da za ta miƙa a makaranta. Yau netwok sai a hankali. Wani sabon hoton bangon allo na saukowa layi-layi, ya kai goshin wata mace mai jan ɗankwali, ya cije.

"Ki ɗan jira, Zumata..."

"Minti ashirin ina kallon goshi!"

Clementina, abokiyar ɗakinta, wadda murmushin da take wa Reuben ya daɗe da wuce na gaisuwa, ta leƙo ta taɓe baki.

"Ni dai ina da irin ɗankwalin nan. Ban ce komai ba."

Ran Ƙauna ya ɓaci. Dama Mama ta ce ba ta ga abin so a mai gyaran kwamfuta ba.

"Ba kai ka koya min ba? In layi ya yi nauyi a cire hoton bango. Zan cire shi, kai ma in cire ka daga zuciyata!"

"Kar ki cire! Rage kaloli kawai, ki rage girman allon."

"Au, kar a taɓa maka ita ko?"

"Ki rage, Ƙauna. In abin da kika gani bai miki ba, ki rabu da ni."

Ta mayar da kalolin baƙi da fari. Nan take allon ya buɗe.

Ita ce! Ƙauna ce da kanta ranar bikin ƙanwarsa, kumatu cike da waina. A ƙasa an rubuta: Za ki aure ni?

Clementina ta tuna ta bar ruwa a wuta.

"Kwana uku ina ƙawata hoton nan," in ji Reuben a sanyaye. "Nauyinsa ne ya danne layin."

"Kai da sana'arka!" Ga dariya, ga hawaye.

"To... amsar fa?"

Ta buɗe shafin rubutu a kwamfutarsa, ta rubuta: Eh.

Ihun da ya kurma a shago sai da ta janye wayar daga kunne.

"Ka adana sauran muryar, Masoyi," ta ce. "Saura ka lallashi Mama."