Motar da Ba a Sare wa Kai Ba

"To wa ya zana allin, Migdalia? Aljanu?"

Evaristo ke nan, tsaye a bakin gareji da singileti, yana nuna farin layin da aka zagaye ginshiƙan motarsa da shi, daidai inda za a bi a sare rufin.

Matarsa ta ce ita ta kira mai waldar, ita ta ba shi allin da hannunta, in ya ga dama ya je ya kira 'yan sanda. Duk layinmu na unguwar Luyanó a nan Havana an ji su. Ni ba da gangan na ji ba. Barandata ce ke kallon garejinsu, ƙafa kuma ba ta barina in yi nisa da kujera.

Motar shuɗiya ce mai ƙofa huɗu, ta girmi Evaristo kansa, wurin ubansa ya gaje ta. Da ita yake jigilar mutane zuwa cikin gari. Migdalia ta daɗe tana yi masa mita cewa masu hankali duk sun sare rufin nasu, sun shafa fenti kalar alewa, suna yawo da Turawa a titin bakin teku na Malecón, shi yana nan yana kwasar masu buhun doya. Shi kuwa masu saran nan mahauta yake kiran su.

Mai waldar da ta kira sunansa Yoandri, yaro dogo mai ƙarancin magana. Da safen ranar ya zo, lokacin Evaristo ya tafi awon jini. Ya auna, ya zana, sannan ya kwanta ya shige ƙarƙashin motar. Ana haka 'yarsu Dayamí ta dawo cin abinci daga kantin maganin da take aiki, ta ga ƙafafu biyu sun leƙo daga ƙarƙashin motar ubanta. Ba ta tambayi kowa ba ta sa takalmi ta shure su.

Ya fito da tsatsa a gashi har gira. Ta buɗe baki za ta yi masifa, maganar ta maƙale. Shi ma ya tsaya yana kallon ta kamar an aiko shi ya manta saƙon. Na ƙirga, sun kai minti guda a haka.

Daga nan ya naɗe tef ɗin awonsa ya ce wa Migdalia ta yi haƙuri, wannan aikin hannunsa bai kai ba. Ta tambayi dalili, ya ce haka nan dai. Amma lambar wayar yarinya kam hannunsa ya kai.

Saƙonnin na gan su da idona, don Dayamí a wurina take shan kofi tun tana 'yar makaranta, kuma takan bar wayar a kan tebur. Na farko ya ce:

"Mai shurin bayin Allah, ƙafata na gaishe ki. Akwai maganin wanda aka shura ya kasa jin haushi?"

Ta mayar masa: "Ya ƙare tun bara. Ka zo ka bi layi ko za a dace, Mahauci."

Ya bi layin kuwa. Kullum da yamma yana bakin kanti da mangwaro biyu a leda, har sunan ya bi ta, ya koma kiran ta Mangwarona. Ita kuma Mahauci ya zama Mahaucina. Wata biyar ana haka, ya sa farar riga ya zo gaishe da iyaye.

Evaristo ko kujera bai ba shi ba. Ya ce 'yarsa ba za ta auri mai yanka motocin mutane ba. Migdalia ta ba shi kujera, ta ba shi shinkafa da baƙin wake, sannan ta ɗora masa sharaɗi. Ta ce kowace amarya a Havana a buɗaɗɗiyar mota take zagaya gari, zaune a sama, mayafi na tashi, ana danna hon. Ita a bas aka kai ta, 'yarta ba za ta maimaita ba, kuma ba a motar aro ba. In yana son Dayamí ya sare rufin nan. In ba zai iya ba, ga Osmel nan mai motar Turawa, ya daɗe yana zagaye gidan, kuma yana da mai yi masa sara.

Yoandri ya sunkuyar da kai ya ce, "Mama, ki sa ni wani aikin. Wannan ba zan yi ba."

A nan nawa laifin ya shigo. A layin burodi aka tambaye ni me ke hana shi, ni kuma ba na son a tambaye ni in ce ban sani ba. Na ce ai bai iya aikin ba ne, ya taɓa lalata wa wani mota a unguwar Regla. Babu wata mota a Regla. A bakina aka ƙera ta, Allah ya yafe mini. Kafin mako biyu masu kai masa aiki sun janye, matan layi suna yi wa Dayamí jaje da murmushi.

Kunya ta ishi yarinya. Ta rubuta masa:

"Motoci goma sha ɗaya ka sare, na gan su suna yawo lafiya. Tamu ce kaɗai ta fi ƙarfinka, ko ni ce ban kai ba?"

Ya amsa: "Mangwarona, na ga wani abu da ba nawa ba ne, ba ni da ikon faɗarsa. Ki yi fushin, ina nan ina jira."

Ta kife wayar. Mako uku ba ta amsa masa, ba ta cin abin kirki. Osmel ya soma kai ta aiki a motarsa, tana zaune a gaba kamar wadda za a kai asibiti.

Ran wata Lahadi da hantsi Migdalia ta gaji. Ta sa Osmel ya zo da mai saransa da injin yanka ƙarfe, ta ce yau ko ita ko rufin nan. Evaristo yana zaune kan bokiti yana kallon su. Tunda 'yarsa ta daina cin abinci ƙarfin faɗa ya bar shi. Ana jan wayar wuta sai ga Yoandri a keke yana haki. Ban san wa ya gaya masa ba, amma wayar Dayamí tana hannunta.

Ya shiga tsakanin injin da motar ya tsaya. Migdalia ta wanke shi tas a gaban jama'a, ta kira shi rago, ta kira shi mai baƙin ciki, ta kawo maganar Regla. Na ji kamar kujerata ta nutse da ni. Osmel ya ce ya matsa ya ba maza wuri. Yaron bai matsa ba, bai kuma kare kansa ba. Sau ɗaya kawai ya dubi Evaristo, sannan ya mai da ido ƙasa.

Tsohon ya miƙe. Ya ɗauko jak ya ɗaga motar da kansa, ya ce, "Tsohuwa, sunkuya ki duba."

Ta sunkuya. Ta daɗe ba ta ɗago ba.

Ashe gishirin teku ya cinye ƙasan motar tun tuni. Shekara tara Evaristo yana toshe ramuka a ɓoye da abin da ya samu. Ga tiren Migdalia guda huɗu na gasa kek an buge su da guduma an ɗaure da ƙusa. Ga murfin tankin ruwansu a ƙarƙashin kujerar baya. Ƙarfen da ke riƙe motar ya zama kamar biskit. Rufin nan shi kaɗai ya hana ta rabewa, ana sare shi za ta naɗe a tsakiya.

Tiren nan da murfin nan kuwa, ni aka ce na sace. Shekara tara Migdalia ba ta gaishe ni a kansu. Duk layi aka juyo ana kallon barandata. Ya kamata in ji daɗi, amma ga yaron da na yi wa ƙarya tsaye a rana, sai na kama gyaran ɗankwali.

Evaristo ya ce ba gadon ubansa yake karewa ba. Bai so a san ya bar motar ta ruɓe a hannunsa ba, bai so a san a kan me yake ɗora 'ya'yan mutane ba. Ya ce yaron nan tun ranar farko ya gani, sau uku yana tare shi a tasha yana roƙon ya kawo ta a gyara kafin ta kashe wani, shi kuma yana korar sa.

Ya juya ya ce, "Ɗana, me ya hana ka tona ni? Da tuni an ba ka ita."

"Da wane ido za ka zauna a teburinmu bayan nan, Baba?"

Osmel ya naɗe wayar wutarsa ya tafi ba sallama. Dayamí ta zo ta tsaya kusa da Yoandri, ta kasa kallon fuskarsa, sai ta kama cire masa zare a kafaɗar riga, zaren da babu shi. Can ta ce a hankali, "Mahaucina, na ji kunya." Ya ce ta bari, ai shurin farko ya fi zafi.

Wata biyu suka yi a ƙarƙashin motar, suruki da suruki, ana sa sabon ƙarfe. Ni kuma na bi layin burodi da na naman kaza da na magani ina janye motar Regla. Ƙarya da ƙafa ɗaya take fita, amma mai da ita gida sai da na ci takalmi. Wata ma cewa ta yi, "Fefa, to wanne za mu yarda da shi?"

Da aiki ya ƙare Yoandri ya tara su ya ce yanzu ƙasan zai ɗauka, in suna so a sare rufin gobe ma sai a sare. Migdalia ta gyara zama. Evaristo ya ce shi bakinsa ya mutu, a tambayi amarya. Dayamí ta dubi ubanta, ta ga yadda ya dafa rufin kamar mai dafa kan jika. Ta ce a bar shi, ita ba za ta biya kuɗin kwalliya rana ta narkar da ita ba.

A cikin motar aka kai ta ofishin ɗaurin aure, ubanta na tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan a kan hon tun daga Luyanó har bakin teku. Mayafin ta taga ya fita, ya tashi iya tashinsa. Da aka dawo Evaristo ya haɗa hannuwansu ya sa musu albarka, ya miƙa wa ango makullin motar, ya shige banɗaki ya daɗe.

Ni ban tsallaka gidan bikin ba, na ce ƙafa. Da la'asar sai ga Migdalia a ɗakina da kek a faranti, karon farko cikin shekara tara. Na ce ta zauna, ta ce ba zama ya kawo ta ba.

"Maganar murfin nan," in ji ta, sai ta yi shiru.

"Maganar Regla," in ji ni, ni ma na yi shiru.

Muka tsaya kowa na kallon kek. Daga ƙarshe na ce Allah ya ba yaran nan zaman lafiya, ya ba su 'ya'ya masu riƙe baki irin na ubansu. Ta ce amin, tunda a layin nan dai ba su da wurin koyo. Idonta ya kawo ruwa, ta juya da sauri.

"Ki dawo mini da farantina, Fefa. Na san adadinsu."

Ta fita ta bugo ƙofar har kofunana suka yi ƙara.