Ranar da Mai Fito Ya Nutse

Amarya tana zaune a falon sama da laftof a cinya, takardun jarrabawar 'yan ajinta a gefe ko taɓa su ba ta yi ba, sai ga Auta ya hauro yana haki, jakar kayan gyaran firji tana rataye a kafaɗarsa. An kusa shekara da aurensu, amma a gidan nan ba wanda ya daina ce mata Amarya, kamar yadda shi ma, da gemunsa da komai, ba a daina ce masa Auta ba.

"Kin ji abin da ya sami Baba?"

Ta ɗago da sauri. "Faɗuwa ya yi?"

"A'a. Mai Fito ne. Ya nutse."

Ta sauke ajiyar zuciya, ta sunkuyar da kai. Ta riga shi gani a wasan.

Wasan da suke magana a kai na rubutu ne zalla a intanet, ba hoto, ba kiɗa. Kowa yakan ƙirƙiri mutum ɗaya a wani garin almara da ke bakin kogi, ya riƙa rubuta abin da mutumin ya ce da abin da ya yi, sauran 'yan wasa su amsa masa. Akwai masu kula, su ne ke kawo ruwan sama da ɓarayi cikin labarin, su raba rigima, su tsawata wa mai zagi. Tun tana jami'a Amarya take cikinsu, aikin sa kai. Dokokinsu ba su da yawa. Mai kula ba ya jan labarin da ɗan'uwansa yake ciki. Ba ya yi wa nasa abin da ba zai yi wa bare ba. Wanda ya mutu a wasan kuma ya mutu ke nan, sai dai in na'ura ce ta yi kuskure.

Baba, mahaifin Auta, tsohon direban motar asibiti ne. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya zaunar da shi a ɗakin ƙasa, ya zama mutum marar magana, sai kallon taga. Amarya ce ta koya masa wasan. Da yatsa ɗaya na hannun dama ya ƙirƙiri Mai Fito, wani tsoho mai kwale-kwale da baƙar magana, wanda duk garin almaran suka so. Ranar da ya shiga kuwa ta sanar da shugabar masu kula cewa surukinta ne, aka ɗauke ta daga duk abin da ya shafi kogi, aka mayar da ita kasuwa.

Da hantsin ranar aka yi ambaliya a labarin. Mai Fito ya gama tsallakar da jama'a, sai aka ce an bar 'yar mai saƙa a kan rufin ɗaki. Mai kula da kogi ya gargaɗe shi a fili cewa in ya koma ƙuri'a za a jefa, kuma ta fi karkata ga mutuwa. Baba ya rubuta cewa Mai Fito ya juya kwale-kwale. Yarinya ta tsira, kwale-kwale ya kife.

Auta ya ajiye jaka, ya zauna kusa da ita, ya kama hannunta yana wasa da yatsunta kamar yadda yake yi in yana son wani abu.

"Malamata, ke fa adimin ce, mai kula. Danna ɗaya kawai za ki yi ya dawo."

"Zan iya dannawa. Amma bai halatta in danna ba."

"Haba, gem ne fa, wasa. Labarin ƙarya. Wa za a kai kotu?"

"In labarin ƙarya ne, me ya hauro da kai da gudu har kana haki?"

Ya yi 'yar dariya, amma ba ta kai zuci ba. "Ya rufe wayarsa. Ya juya wa ƙofa baya. Na kai masa shayi ko kallona bai yi ba. Kin manta yadda yake kafin ki kawo masa wannan abin? Ba na son in koma ganin haka."

Ba ta manta ba. Ta ce masa akwai hanya ɗaya: za ta miƙa ƙorafi ga sauran masu kula a madadin iyalin, su duba ko an yi kuskure, ita kuwa ba za ta sa baki ba. Ya ce ta yi. Kafin la'asar amsa ta zo, cikin ladabi da tausayi. An duba, ba kuskure. An yi gargaɗi, ya karanta, ya zaɓa.

Washegari Yaya ta iso. Ita ce babbar 'yar Baba, ma'aikaciyar jinya, macen da in ta shigo gida har kujeru sai sun gyara zama. Ta leƙa Baba, ta auna jininsa, ta hauro sama da rigar aikinta.

"Amarya, ashe kashe mana uba kika yi a waya?"

"Yaya, ba ni na ja labarin ba. An ma hana ni kusantar—"

"Ni ban san wannan turancin ba. Jininsa ya hau. Abinci sai an yi da gaske. Ke kika sa shi a ciki, ke kike da mabuɗi, kuma kin zauna kina mana doka. Mutanen da ko fuskarsu ba ki taɓa gani ba sun fi miki surukinki?"

"Ba su fi shi ba, Yaya. Amana ce suka ba ni."

"Mu kuma ƙanenmu muka ba ki, shi ba amana ba ne?" Ta juya ga Auta. "Kai kuma ka tsaya kamar an dasa ka. To ka ji. In ba a dawo masa da mai kwale-kwalen nan ba, ƙarshen mako zan zo da mota in ɗauke shi ya koma wurina. Kafin nan kuma kada ta sake shiga ɗakinsa. Ya ga abin da ya ishe shi."

Amarya ta dubi mijinta tana jiran ya ce wani abu. Ya dubi ƙasa. Wannan shirun ya fi mata maganar Yaya zafi.

Kwanakin da suka biyo baya gidan ya yi sanyi. Auta bai yi mata faɗa ba, ba halinsa ba ne. Yakan gaishe ta, ya ci abin da ta dafa, ya ce an gode, kamar baƙon da ya sauka. Ya daina ce mata Malamata. Da safe in zai fita ba ya tsayawa ta gyara masa wuyan riga. Sau ɗaya kawai ya ce, yana ɗaura takalmi, bai ɗago ba: "Ni da a ce mahaifiyarki ce, da ko firjin wani zan fasa in samo mata abin da take so, sai na fasa." Ya fita. Ta zauna a bakin gado ta yi kuka mai isarta.

Ranar Asabar da rana ta buɗe shafin masu kula. Sunan Mai Fito yana nan cikin jerin waɗanda suka mutu, maɓallin dawo da shi a gefe. Abin da za ta yi kawai ta danna, ta rubuta a gurbin dalili cewa kuskuren na'ura ne. Shugabar ta yarda da ita, ba lalle ta bincika ba. Baba zai ci abinci. Yaya za ta bar shi. Auta zai dawo mata.

Sai idonta ya sauka a kan sunan da ke ƙasa da nasa, wani Maƙeri da ya mutu a gobara watannin baya. Mai shi ya roƙe ta, har ya ce wasan ne kaɗai abin da ke ɗebe masa kewa tun da ya rasa aiki. Ita da kanta ta rubuta masa a'a, cikin lallashi. Shi ba shi da suruka a cikin masu kula.

Ta rufe laftof ɗin. Ta wanke fuska, ta haɗa shayi yadda Baba yake so, ta sauka ƙasa duk da maganar Yaya.

Yana zaune a kujerarsa ta bakin taga, hannun hagu kwance a kan matashi. Ta russuna ta gaishe shi, ta ajiye kofin inda hannunsa na dama zai kai.

"'Yata, kin yi wuyar gani," ya ce a hankali, maganarsa tana ɗan jan ƙafa kamar kullum.

"Baba, na zo in faɗa maka gaskiya ne. Ina da ikon dawo da Mai Fito. Yanzun nan ma na buɗe wurin. Ban danna ba, kuma ba zan danna ba. Ka yafe mini."

Ba ta lura ba, motar Yaya ta riga ta tsaya a waje, ita da Auta suna bakin ƙofa da akwatin da za a zuba kayan Baba.

Baba ya juyo ya dube ta. "Wa ya ce ki dawo da shi?"

Ya ɗaga ido ya ga 'ya'yansa, ya gane.

"Ku shigo, ku daina laɓe kamar masu bin bashi. Ke, ajiye akwatin nan."

Suka shigo. Yaya ta fara, "Baba, jininka—"

"Jinina ya hau don na yi rashi. In mutum ya yi rashi ba sai ya yi shiru ba? Na so tsohon nan. Ya fi ni baki, ya fi ni ƙafa." Ya ɗan numfasa. "Amma ni na juya kwale-kwalen. An faɗa mini, na karanta har na maimaita. Da ina tuƙi, sau nawa aka ce hanya ta lalace kada in bi, na bi, don akwai mutum a kwance yana jira? Tun da na kwanta ciwo ba wanda ya bar ni na zaɓi komai. Ke ki zaɓa mini abinci, kai ka zaɓa mini riga. Ko dara muka buga da yaron nan sai ya bar ni na ci, yana zaton ban gani ba."

Auta ya sosa ƙeya. "Sau ɗaya ne fa, Baba."

"Ƙarya kake, kullum ne. Kuma ko iya ɓoyewa ba ka yi." Ya mayar da dubansa ga Yaya. "A can kaɗai ba wanda ya san hannuna ya mutu. Aka ɗauke ni cikakken mutum, aka bar ni na biya abin da na zaɓa. In ta dawo da shi, ta mayar da ni majinyaci a can ma. Yarinyar da na ɗauko daga rufi kuma, sai a ce wasa na yi da ita."

Yaya ta zauna a gefen gado, ta cire tabarau tana goge ido da bayan hannu. Can ta ce, ba ta dubi kowa ba, "Amarya, bakina ya yi tsawo. Ki yi haƙuri."

"Ba komai, Yaya. Tsoro ne ya sa, ni ma na ji shi."

"To ba sai ki yi mini musu ba? Kin bar ni ina ta zuba kamar famfon da ya lalace."

"Wa ya isa ya yi miki musu?" in ji Baba. "Ni da na haife ki ma sai na shirya."

Aka yi dariya, har da mai hawaye. Baba ya ɗauki shayinsa ya kurɓa, ya ce a miƙo masa wayarsa, yana so ya ga ko mai saƙa ta iya riƙe 'yarta a wannan karon. Ya ce kuma yana tunanin dawowa a matsayin wata tsohuwa mai sayar da gishiri, mafaɗaciya, wadda ya san inda zai samo halinta. Yaya ta harare shi.

"In kasuwa za ka shiga, Baba, sai na sanar a ɗauke ni daga can," in ji Amarya.

"Kora nake yi ke nan duk inda na je?"

"Doka ce."

"To a bi ta."

A kan matakala Auta ya tare ta. Ya tsaya a ƙasa da ita da taki ɗaya, har tsayinsu ya zo daidai.

"Na bar ki ke kaɗai a gaban Yaya. Wannan ya fi komai damuna."

"Ya dame ni ni ma."

"Na sani. A da ina ganin kamar in kina sona za ki karya dokar saboda ni. Yau na ga da kin karya, da sai in riƙa tunanin wace rana za ki ci amanata saboda wani." Ya kama hannunta. "Ki yafe wa mai gyaran firji. Kansa ya daɗe a cikin sanyi."

Ta so ta ɗaure fuska, dariya ta ƙwace mata.

Sau da yawa mukan ɗauka ƙauna ita ce mu lanƙwasa gaskiya saboda namu, mu ɗauke musu kowane nauyi tun kafin su ce ya yi musu yawa. Amarya ta sha kuka a kan ƙin yin haka, ta jure fushin waɗanda take so ba tare da ta rama ba. Abin da ta samu daga baya ya fi abin da danna ɗaya zai ba ta: surukin da ta bar wa mutuncinsa, da mijin da ya san cewa abin da aka damƙa wa matarsa, ƙarami ne ko babba, yana nan inda aka ajiye shi.